Ko ka san giwayen Yankari na yawo da na'ura a wuya?

Wanda ya je Yankari da rani ya ga garken giwaye sun sauko bakin kogin Gaji, in ya ƙura ido zai iya hango wata da ɗamara mai kauri a wuya. Ba ado ba ne. A jikin ɗamarar akwai na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, tana faɗa wa masu gadin daji inda giwar take.

Ɗaura ta aiki ne ja. Sai likitan dabbobi ya harba wa giwar allurar barci, ta kwanta, a yi maza a ɗaura, sannan a ba ta maganin da zai farfaɗo da ita. Galibi mace ake zaɓa, domin giwaye mata ba sa rabuwa da juna, kuma tsohuwar cikinsu ce ke jan gaba. In an san inda ɗaya take, an san inda garken yake. Toro kuwa, da ya balaga sai ya ware.

Me ya sa ake wannan wahala? Dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 a ƙasar Bauchi, ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma ba a kewaye shi da shinge ba. Giwa ba ta san iyaka ba. Da kaka, lokacin da dawa da masara suka nuna, garke kan fita dare ɗaya ya tattake gonar da magidanci ya yi damina guda yana nomawa. Babbar giwa na iya cin kilo 150 a rana. Manomin da ya wayi gari ya tarar da haka, ba wanda zai ga laifinsa in ransa ya ɓaci, kuma daga ɓacin ran nan ne ake fara kiran maharbi. Na'urar kan nuna garke ya doshi bakin daji, sai a sanar da ƙauyukan da ke kusa, a fita da fitilu da hayaniya a kora su tun ba su taɓa amfanin gona ba.

Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ke aiki da gwamnatin jihar Bauchi a dajin, ta ɗauki wasu mazauna ƙauyukan a matsayin masu lura da giwaye, tana kuma kai 'yan makaranta su ga dabbobin da idonsu.

Abin da ke sa kowace giwa ta zama mai tsada shi ne jinkirin haihuwa. Cikinta wata 22 ne, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Garken Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya, kuma mace ɗaya da aka harbe saboda haure ko saboda gona, sai an yi fiye da shekara goma kafin 'yarta ta isa haihuwa.