Masu sarrafa haske

Wayar salular da manomin Gidimuni yake ɗaukar hoton dabinonsa da ita yana turawa dillali a Damagaram, tana da ido a bayanta. Can cikin idon akwai wani ɗan falle na silikon da bai kai farcen ɗan yatsa ba, an raba shi gida-gida har miliyoyi. Faɗin kowane gida bai wuce kimanin maikromita 1 ba, wato milimita ɗaya a raba ta dubu. A bisa kowane gida kuma an ɗora ɗan mitsitsin ruwan tabarau mai tattara haske ya zuba shi ciki. Akwai mutanen da abincinsu ke nan: zana waɗannan tabarau da ido ba ya gani.

Aikin ya yi kama da na mai lambu a bakin tafkin Gidimuni, wanda ke jan ruwa ya bi da shi fangali-fangali, kada wani ya cika ya tumbatsa, wani ya kwana da ƙishi. Injiniyan haske shi ma damuwarsa kada hasken da ya nufi wannan gida ya zarce na maƙwabci, domin idan ya zarce launi ya gauraya, hoto ya dushe. Lanƙwasar tabarau, kaurinsa, nisansa da silikon, duk sai an auna.

Amma ba da hannu ake fara aunawa ba. Gwaji ɗaya a masana'anta yana cin makonni da kuɗi masu yawa, saboda haka sai an gina abin a kwamfuta tukuna. Idan tabarau babba ne, manhaja irin Zemax tana bin haske tamkar zare miƙaƙƙe. Idan ya ƙanƙance har ya kusanci tsawon zangon hasken kansa, wanda ke tsakanin nanomita 400 da 700, haske ya daina tafiya miƙe, yana bazuwa yana karo da kansa. A nan sai a koma ga lissafin Maxwell, a yanka sararin ƙanana-ƙanana, kwamfuta ta bi motsin hasken taki-taki, bisa dabarar da Kane Yee ya wallafa a 1966. Lumerical na cikin manhajojin da ke yin wannan. Injiniya ya canza adadi guda, ya jira sakamako, ya sake canzawa. Gwanin gaske shi ne wanda ke tambayar kansa: in injin masana'anta ya kauce kaɗan, zanena zai yi aiki? Zanen da ba ya jure kuskuren ƙera shi, ado ne kawai a allo.

Ƙololuwar sana'ar tana Turai. Kamfanin ASML na garin Veldhoven a Holan ne kaɗai ke ƙera injin da ke zana layukan lantarki a kan silikon da haske mai zangon nanomita 13.5. Ana samun hasken ta hanyar harbin ɗigon narkakken kuza da leza, ɗigo 50,000 a daƙiƙa. Gilashi yana shanye wannan haske, iska ma haka, don haka madubai ake amfani da su a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Kamfanin Zeiss na Oberkochen a Jamus ke yin su, da shimfiɗu gommai na molibdenom da silikon, kuma duk da haka kowane madubi kusan kashi 70 cikin ɗari yake mayarwa. Daga nan injinan su wuce masana'antu irin TSMC a Taiwan da Samsung a Koriya ta Kudu.

Babu irin wannan masana'anta a Nijar, kuma ba zan ce wa kowane yaro tana tafe gobe ba. Abin da nake so ya sani shi ne rabin sana'ar lissafi ne da kimiyyar fizik, kuma ƙasar nan ta taɓa haifar gwanin haske. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969, ya yi ta aiki kan madubai masu tattara hasken rana. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Ya rasu a 1991.

Ɗalibin da ke son bin wannan hanya sai ya riƙe lissafi tun daga lise, ya karanci fizik ko lantarki a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko ta Yamai, ya koyi rubuta manhaja da Python da kuma Ingilishi, tunda da shi ake rubuta yawancin littattafan fannin. Manhajojin kamfanoni suna da tsada, amma akwai Meep, wadda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka, kyauta ce, kuma ƙaramar kwamfuta tana ɗaukar ƙananan gwaje-gwajenta. Digiri na gaba da ɗakin gwaji kam, sai an fita waje.