Matsalolin Wutar Mota Bayan Sanya Sabon Rediyo

Ya kai mai mota, ko kai direba mai lodi a tashar Magarya ko ta Dungas, wannan bayani dominka ne. Yawancin motocin da ke jigila tsakanin Magarya, Bande da Damagaram, ko masu tsallaka iyaka zuwa Babura da Maigatari, tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun yi shekaru suna aiki a Turai. Sau da yawa akan cire rediyonsu na asali a sa sabo mai karɓar katin waƙoƙi. Bayan kwana biyu sai a wayi gari mota ta ƙi tashi, ko fitilu su mutu, ko a ji ƙaurin roba. Galibi rediyon lafiyarsa lau. Kuskuren yana wurin haɗa wayoyi.

Wayoyi uku da ya kamata ka sani

Batirin ƙaramar mota volt 12 ne, kuma rediyo yana shan wuta ta wayoyi uku. A mafi yawan rediyoyin kasuwa ga yadda launinsu yake:

1. Waya ruwan ɗorawa tana da wuta dare da rana. Ita ke sa rediyo ya riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye.
2. Jar waya ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ita ke kunna rediyo da kashe shi.
3. Baƙar waya ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, domin ta nan wuta ke komawa batir.

Ka lura, launin wayoyin da ke cikin motar kanta ba lalle ya yi daidai da na rediyo ba. A wasu motocin Volkswagen da Opel ma, gurbin ja da na ruwan ɗorawa a juye suke. Saboda haka mai gyara na ƙwarai ba ya dogara da launi, sai ya gwada kowace waya da mita ko da ƙwan gwaji.

Alamomi da dalilansu

Batir yana mutuwa cikin dare. Wannan yakan faru idan an murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri guda an kai su kan waya mai wuta kullum. Ko an zare makulli rediyo bai mutu ba, kuma yana iya jan kusan amfiya 1. Batir mai amfiya-awa 45, ko sabo ne, ba zai kai kwana biyu a haka ba, kuma tun kafin nan zai kasa tayar da inji. Tsohon batir da zafin watan Afrilu da Mayu ya riga ya gajiyar, dare ɗaya ya ishe shi.

Rediyo yana mance tashoshi duk sa'ad da aka kashe mota. An musanya ja da ruwan ɗorawa ne. A mayar da kowace gurbinta.

Fitilun baya da na allon gudu sun daina kamawa. Sau da yawa an ɗauki wayar fitilar dashbod an haɗa ta da baƙar waya bisa zaton ita ce mai zuwa jikin mota. Da zarar an kunna fitilu sai fiyus ya ƙone. Wannan haɗari ne babba, domin mai zuwa daga baya da dare ba zai gan ka ba.

Ƙugi a lasifika, wanda ke ƙaruwa idan ka taka totur. Yawanci baƙar waya ce ba ta kama ƙarfe da kyau ba. A kankare fenti da tsatsa, a ɗaure ta da noti.

Fitilu suna dusashewa idan kiɗa ya yi ƙarfi. Amfilifaya ta fi ƙarfin abin da altaneta, wato injin da ke cajin batir, ke iya bayarwa. A gwada da mita: batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 idan mota a kashe take, sannan tsakanin 13.8 da 14.4 idan inji yana aiki.

Fiyus shi ne mai gadin motarka

Fiyus siririn ƙarfe ne da aka yi shi domin ya narke idan wuta ta yi yawa, kafin waya ta ɗau zafi. Ana rubuta ƙarfinsa a bayansa: mai lamba 10 ja ne, 15 shuɗi, 20 ruwan ɗorawa. Idan ya ƙone, ka karanta lambar ka sa irinsa. Idan ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe, sai an nemo ta. Kada ka yarda a sa mafi girma, ko guntun waya, ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Wanda ya yi haka ya mayar da wayoyin motar su ne fiyus, kuma su ba sa narkewa sai da gobara. Rigakafi ya fi magani, balle a motar da ta ɗauko mutane da kayansu ranar kasuwa, nesa da gari.

Abin da za ka nema daga mai gyara

1. Ya cire kan batir mai alamar ragi kafin ya taɓa kowace waya.
2. Ya yi wa mahaɗar wayoyi dalma ko ya matse ta da abin matsewa. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ta jure girgizar hanyar burji, kuma zafi yana saki salatif.
3. Idan za a ja waya daga batir zuwa amfilifaya, a sa mata fiyus nata dab da batir, a kuma sa roba a ramin da za ta ratsa ƙarfe.
4. Idan babbar mota ce mai volt 24, kada a jona rediyo a batir ɗaya daga cikin biyun. A sa na'urar rage wuta zuwa 12.

Kafin ka biya kuɗin aiki, ka zare makulli ka ga rediyo ya mutu, ka kunna fitilu ka zagaya bayan mota ka duba, ka ajiye tasha ɗaya ka kashe ka kunna. In kuwa wata rana ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi kana tafiya, ka tsaya nan take, ka kashe inji, ka sauke fasinjoji su yi nisa, sannan ka cire kan batir idan wuta ba ta kama ba. Don haka ka riƙa ajiye sifana mai lamba 10 kusa da kujerarka.