LISSAFIN DA KE RIƘE DA JIRGIN SAMA

In mutum ya shimfiɗa taswirar Arewa, ya ɗauki rula ya ja layi daga filin jirgin sama na Kano zuwa na Sakkwato, zai ga layin nan ya bi kusan ta bisa Kaura Namoda, ya bar Zurmi da Badarawa da Shinkafi a hannun dama, Gusau kuwa a hagu. Tsawonsa misalin mil 200 ne, da irin mil ɗin masu jirgi, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne. Jan wannan layi, da auna shi, da sanin yadda za a bi shi a sararin sama inda babu turba babu mai nuna hanya, shi ne aikin da mai koyon tuƙin jirgin sama ke fara shan wahalarsa. Malaman makaranta ya kamata su san wannan, domin yara da yawa na cewa suna so su zama matuƙa, suna tsammanin ƙarfin hali kaɗai ake bukata, alhali kuwa rabin aikin lissafi ne, irin wanda muke koya musu a allo.

A Nuwamba 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, guda uku, na sojan Ingila, sun taso daga Masar. Matuƙansu ba su da wata na'ura da za ta gaya musu inda suke. Taswira ce da kamfas da agogo. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma har wa yau ɗalibi sai ya iya aiki da waɗannan abubuwa uku, ko da yake yanzu akwai na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam ta nuna wa mutum wurin da yake. Dalili kuwa shi ne, na'ura takan mutu.

Kafin a kai ga maganar hanya, sai jirgi ya tashi tukuna. Abubuwa huɗu ke ja-in-ja da shi. Nauyinsa na jansa ƙasa, fukafukai na ɗaga shi, inji na tura shi gaba, iskar da yake kutsawa kuma tana tirjewa. Fiffike ba ya ɗaga kome sai iska na gudu ta samansa da ƙarƙashinsa, kuma in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar yakan ninka huɗu. Shi ya sa jirgi ke sheƙawa a guje bisa titinsa kafin ya rabu da ƙasa, shi ya sa kuma matuƙi ke fuskantar iska in zai tashi ko zai sauka.

To, ga inda ƙasarmu ta shigo cikin maganar. Iska ma tana da kauri, kamar kunu. Ta bakin teku da ta lokacin sanyi ta fi kauri. Ta kan tudu da ta lokacin zafi tsinkakkiya ce. A tsinkakkiyar iska fiffike ba ya samun abin riƙo sosai, farfela ba ta cizo, inji kuma ba ya samun isasshen numfashi. Masu ƙera jirgi sun yi ma'auninsu bisa wata iska da aka amince da ita, mai zafin digiri 15 a bakin teku, wadda ke raguwa da misalin digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Filin Kano yana bisa ƙafa 1,560 ko kusa da haka, watau bisa wannan ma'auni zafinsa bai kamata ya wuce digiri 12 ba. Wanda ya san Kano a watan Afrilu sai ya yi dariya. A ce zafi ya kai 40; bambanci 28 ke nan. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibi ita ce, kowane digiri ɗaya na ƙari daidai yake da hawa ƙafa 120. Sai a buga 28 sau 120, a sami 3,360, a tara da 1,560, ya zama 4,920. Ashe jirgin da ke tsaye Kano da azahar a bazara, a wurin fukafukansa da injinsa kamar yana wani wuri ne da ya fi filin Jos tudu. Zai bukaci titi mai tsawo, ya kuma hau sama a hankali.

Nauyi ma haka. In aka ƙara wa jirgi kashi 10 cikin 100 na nauyi, tsawon titin da zai ci kafin ya tashi yakan ƙaru da misalin kashi 20. Saboda haka fasinjan da ya ga ma'aikaci ya kafe a kan awon kaya, kada ya ɗauka rowa ce ko neman fitina.

Ba wasa ba ne wannan. Ran 4 ga Mayu 2002, da rana tsaka, wani jirgin fasinja ya tashi daga Kano zai tafi Ikko, bai yi nisa ba ya faɗa cikin unguwar Gwammaja, mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Allah ya jiƙansu. Masu bincike sun ce jirgin ya zarce ƙarshen titi kafin ya rabu da ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Abubuwa da dama ne suka haɗu a ranar, amma duk matuƙi ya san abin da zafin Mayu ke yi wa tsawon titi.

Mu koma ga layinmu. Kamfas ya raba sasannin duniya kashi 360: gabas 90, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Daga Kano zuwa Sakkwato misalin 285 ne, watau yamma da ɗan karkatawa arewa. Da iska tsaye take, sai matuƙi ya sa hancin jirgi a 285 ya zauna. Amma iska gulbi ce mai gudu, jirgi kuwa cikinta yake. Mai fito da zai ƙetare Gagare da damina ba ya nufar mashigin da yake so kai tsaye. Yakan karkata wajen da ruwa ke fitowa, ruwan ya mai da shi daidai. Haka matuƙi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, za ta tura shi hagu wajen Gusau. Da damina ta kudu maso yamma ce a ƙasa-ƙasa, za ta kora shi dama wajen Zurmi.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi wadda ni a ganina ta fi yawancin abin da ke cikin littattafan lissafinmu daɗin koyarwa. Kuskuren digiri ɗaya yakan kawar da jirgi mil ɗaya daga hanyarsa a kowane mil 60 da ya yi. Kaura Namoda tana misalin mil 120 daga Kano. A ce ɗalibi na cikin ƙaramin jirgi mai gudun mil 100 a awa. Bayan minti 72 ya kamata ya ga garin ƙarƙashinsa, kuma gari ne mai wuyar ɓata, gama nan hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ƙare tun 1929, ga kuma gulbi a gefe. To, ya duba bai gani ba, sai can ya hango shi mil 10 a hagunsa. Shi ya kauce arewa ke nan, wajen ƙasar Zurmi da Badarawa. Mil 10 cikin 120 daidai yake da 5 cikin 60, watau ya kauce da digiri 5. In ya gyara da 5 kaɗai, zai daina ƙara nisa, amma zai wuce Sakkwato ta arewa da mil 10 ɗin nan. Saura mil 80 a gabansa. 10 sau 60 a raba da 80, ya ba da 7 da rabi. Sai ya tara, ya karkata hagu da digiri 12 da rabi. Duk wannan da ka zai yi shi, hannu na riƙe da jirgi. In kuwa ƙurar hunturu ta rufe ƙasa, ba Kaura ba gulbi, to agogo da kamfas da lissafin da ya yi tun yana ƙasa su ne idanunsa.

Saura maganar mai, kuma a nan ne na ga manya ma suna tuntuɓe. Mutum zai ce, ai in iska ta taimake ka a zuwa ta hana ka a dawowa, an yi kunnen doki. Ba haka ba ne. A ce iska mai gudun mil 20 tana bayan jirgin nan sak a zuwa. Gudunsa bisa ƙasa ya zama 120, zai kai Sakkwato cikin minti 100. A dawowa gudun ya koma 80, sai minti 150. Jimla 250, alhali da babu iska 240 ne. Iskar da ke gaba ta fi daɗewa tana cin mutum bisa ga yadda ta baya ta daɗe tana taimakonsa. In injin na shan lita 36 a awa, zuwa ya ci 60, dawowa kuwa 90. Wanda ya zuba man dawowa daidai da abin da ya sha a zuwa, injinsa zai tsaya bayan mil 133, a sararin ƙasar Katsina, saura mil 67 ya kai Kano. Don haka ne doka ta sa a lissafta kowace tafiya da iskarta, sa'an nan a ƙara man ajiya na aƙalla rabin awa.

Malamin da ke da taswira da rula da ma'aunin kusurwa yana da duk kayan da wannan darasi ke bukata. Ya sa yara su ja layin da kansu, su nemo garinsu a gefensa, sa'an nan ya canja musu gudun iska zuwa mil 50, su lissafta zuwa da dawowa. Amsar ita ce minti 80 da minti 240.