Motar rimot mai injin nitro: me ya kamata a fara gyarawa?

Ƙaramar motar rimot mai injin nitro, irin Traxxas T-Maxx, tana shan haɗin methanol da nitromethane da man shafawa. Mai neman ƙarin ƙarfi yakan sauya salansa, ko ya bar mai mai kashi 20 na nitro ya koma mai kashi 30.

Haɗarin yana ga allurar kafireta. Rage mai na ƙara gudu, sai dai man ne ke sanyaya injin yana shafe shi. Da zarar hayaƙi ya ɗauke, injin na dab da ƙonewa.

Shi ya sa ake farawa daga ƙasa: tayoyin da suka dace da filin, man shokozoba mai kauri, da rage tsayin motar don kada ta kife a kwana. Bayan haka a taɓa inji.