Karanta Gefen Taya Kafin Ka Tambayi Kuɗi

Komai ƙarfin injin mota mai gudu, abin da ke haɗa ta da kwalta bai wuce tafin hannu huɗu na roba ba. Don haka ya kamata mai saye ya san rubutun da ke gefen taya.

A ce an rubuta 225/45 R17 91W. Faɗinta milimita 225 ke nan, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 17, kuma 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615. Harafin ƙarshe shi ne iyakar gudunta: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada a sauka ƙasa da harafin da maƙeran motar suka ƙayyade, domin gudu yana gasa roba, zafi kuwa shi ke fasa taya.

Gajeren gefe yana riƙe hanya a kwana, amma rami guda ya isa ya kumbura shi.

A duba shekaru kuma. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT, kamar 2319, suna nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar roba takan bushe ko da zanenta bai cinye ba. Araha dai ba ta ado.