Ciwon Kan da Ke Tafiya da Hantsi

Samari uku ne a ɗakin haya ɗaya a Jos, cikinsu har da ƙanena. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyinsa na Disamba da Janairu har cikin ƙashi yake shiga. A tsakiyar hunturun nan su ukun suka fara tashi da asuba da sarawar kai da jiri da tashin zuciya. Wani lokaci ɗayansu sai ya dafa bango kafin ya kai wurin alwala.

Abinci aka fara zargi. Suka sauya mai tuwo, ba ta sake zani ba. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, gwaji ya nuna babu, kuma jikin kowa bai yi zafi ba. Wata maƙwabciya ta ce a yi wa ɗakin hayaƙin habbatus-sauda, domin a ganinta ba lafiya ba.

Da ƙanen nawa ya kira ni, abu biyu suka tsaya mini a rai. Ciwon yakan lafa da hantsi, zuwa azahar kamar ba a yi ba. Sannan ɗayansu ya je Bukuru ya kwana wurin ƙanin mahaifinsa, ya tashi garau. Cuta ba ta bin adireshi. Ke nan abin yana cikin ɗakin, kuma da dare yake aiki.

"Da me kuke ɗumama ɗaki?" na tambaye shi.

"Yaya, ai wani abu na ƙera, sai kin gani. Ko ɗigon hayaƙi ba ya yi."

Babban gwangwanin madara ya samu, ya zuba yashi a gindi, ya ɗora garwashin gawayi. Da farko a buɗe yake barinsa, sai wutar ta cinye kafin tsakar dare. Don haka ya yi masa murfi, ya huda shi da ƙusa wuri kaɗan, garwashin ya riƙa kaiwa asuba. Ya kuma cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya liƙe gefen taga da kwali. Na ce ya tuna yaushe ciwon ya soma. Ya yi shiru, sannan ya ce makon da ya sa murfin.

A nan zaren ya warware. Gawayi idan ya samu wadatacciyar iska, yawancin abin da yake fitarwa kabon dayoksaid ne. Idan aka shaƙe shi, sai ya ƙara yawan kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama hemoglobin ɗin jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, ƙwaƙwalwa kuma ita ce ta farko da ke jin ƙarancin oksijin. Mutum ya fita sarari, rabin gubar na barin jini cikin awa huɗu zuwa biyar. Abin da ya sa azahar take samunsu lafiya ke nan. Rashin hayaƙin da yake alfahari da shi ya fi komai tayar mini da hankali, domin hayaƙi ko ba komai ana ganinsa, ana jin warinsa. Kabon monoksaid kuwa ƙara nauyin barci take yi, wasu ba sa farkawa.

Tambaya ɗaya ta rage masa. "To Yaya, Kaka ba da kaskon wuta take kwana ba a ƙauye?"

Haka ne. Amma ɗakinta na jinka ne, iska na ratsa bunu, ƙofar kuma asabari ne kawai. Nasu siminti ne da silin da tagar gilashi, ga tsumma an toshe ragowar kafar.

A daren ya fitar da gwangwanin tsakar gida, washegari su ukun suka je asibiti aka duba su. Yanzu ruwa suke tafasawa a waje, su ɗura a robar ruwan zafi, su naɗe da zani su tura cikin bargo wajen ƙafa. Tsumman ƙarƙashin ƙofa kuwa yana nan a wurinsa, tunda babu sauran wuta a ɗakin.