Tsarabar Madawa zuwa Turai: abin da duwan ke dubawa kafin kaya su isa

Duk ɗan Madawa, Buza ko Kaita da ke zaune a Turai, in aka tambaye shi tsarabar da yake so daga gida, kilishi zai fara ambata. Amma kilishin ne abu na farko da ma'aikatan duwan na can ke ƙwacewa. Dokar Tarayyar Turai ta hana a aika wa mutum nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Ke nan cuku da man shanu ma sun shiga ciki. In aka kama, lalata su ake yi, kuɗin aike kuma sun tafi.

Tabarma, takalmin fata, hula, atamfa, waɗannan suna wucewa. Sai dai takarda ita ce ƙafar kaya. A gidan waya na Niger Poste za a ba ku takardar duwan iri biyu: CN22 ta ƙaramin ƙunshi mai ƙaramar daraja wanda bai wuce kilo 2 ba, da CN23 ta abin da ya fi haka. Ku rubuta kowane abu da sunansa, da yawansa, da kuɗinsa, ku sa alama a gurbin «cadeau». Rubuta «kaya» kawai shi ke sa a buɗe ƙunshi, ya yi makonni a ajiye. Kada ku manta da lambar wayar mai karɓa.

Sai maganar haraji. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar, kyautar da mutum ya aika wa mutum ba a biya mata komai in ba ta wuce euro 45 ba, wato wajen jikka 29 da rabi na sefa. A Ingila iyakar fam 39 ce, a Amurka dala 100. In kuɗin kaya sun haura, ɗan uwanku ne zai biya kafin a miƙa masa, kyauta ta zama bashi.

Ga mata masu aika haja don a sayar masu a can, muna jan hankali: tun 1 ga Yuli 2021 Turai ta soke rangwamen da take yi wa kayan sayarwa na ƙasa da euro 22, Amurka ma ta soke nata na dala 800 a Agustan 2025. Yanzu haja komai ƙanƙantarta tana biya. Hula talatin iri ɗaya kuwa ba wanda zai yarda kyauta ce, ko me aka rubuta.

Shawararmu, kafin ku ɗinke buhu ku fara zuwa gidan waya ku tambaya, ku bar ƙunshin a buɗe har a duba, ku adana rasit da lambar bin sawun kaya. Kilishi kuwa, a ajiye wa ɗan uwa sai ya zo gida hutu. Allah ya kai saƙo lafiya.